Zuriyar Williams da King ta Jihar Jojiya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Asalin Gidan Fastocin Ebenezer

Duk wanda ya san tarihin Amurka ya san sunan Dokta Martin Luther King ƙarami, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙe, amma kaɗan ne suka san cewa shi ne mai wa'azi na huɗu a jere a gidansu, kuma cewa tushen gidan yana cikin gonakin auduga na ƙauyukan Jihar Jojiya, nesa da titunan Atlanta inda aka haife shi. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi salsalar wannan gida, da irin takardun da masu bincike suka dogara da su kafin su iya jera sunayen kakanninsa.

Me ya sa ake haɗa sunan Williams da na King idan ana maganar gidan?

Saboda gida biyu ne suka haɗu ta hanyar aure a 1926. Gidan Williams, wato dangin mahaifiyar Dokta King, ya fito daga gundumar Greene, gabas da Atlanta, kuma ta nan aikin wa'azi ya biyo. Gidan King, dangin mahaifinsa, manoma ne marasa gonar kansu a Stockbridge da ke gundumar Henry, kudu da Atlanta. Wanda ya bi layin uba kaɗai, kamar yadda aka saba wajen jera asali, zai tarar da fasto ɗaya tak kafin Dokta King, ya kuma rasa mutum biyun da suka aza harsashin komai.

Wane ne kakan farko da rubutu ya ambata a ɓangaren Williams?

Sunansa Willis Williams. An haife shi wajen 1810, ya rayu a matsayin bawa a hannun wani Bature mai gonaki da ake kira William Nelson Williams kusa da garin Penfield, ya kuma rasu a 1874 yana ɗa mai 'yanci. Littafin Cocin Baftis na Shiloh ya nuna cewa ya shiga ikilisiyar a 1846, a lokacin da take da Turawa 50 da baƙaƙe 28. A 1855 baƙaƙe kusan ɗari suka shiga cocin, cikinsu akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyar mai suna Lucrecia Daniel, wadda ake kira Creecy. Ita ce daga baya ta zama matar Willis, duk da tazarar kusan shekara talatin da ke tsakaninsu, ta haifa masa 'ya'ya biyar, ɗaya daga cikinsu shi ne Adam Daniel Williams, kakan Dokta King na wajen uwa.

Me ya sa littafin coci ya fi takardun gwamnati amfani wajen gano irin wannan zuriya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin amsarta ce ke bayyana abin da ya sa salsalar baƙaƙen Kudancin Amurka take yankewa a tsakiyar ƙarni na sha tara. Gwamnatin Amurka tana ƙidayar jama'a duk bayan shekara goma tun 1790, amma ba ta rubuta bayi da sunayensu ba. A ƙidayar 1850 da ta 1860 an ware musu takarda ta daban, inda ake rubuta sunan ubangidan a sama, sa'an nan a jera bayinsa a ƙasa da shekaru da jinsi da launin fata kawai: namiji, ɗan shekara hamsin, baƙi, mace, 'yar shekara ashirin, baƙa. Mai neman kakansa a irin wannan takarda yana iya sa yatsa a kan layin da yake kyautata zaton shi ne, amma takardar ba za ta taɓa gaya masa sunan ba. Sai a ƙidayar 1870, shekara biyar bayan soke bauta, aka fara rubuta mutanen nan da sunayensu, gida gida. Doka kuma ba ta san da auren bayi ba, saboda haka babu takardar aure, kuma Jihar Jojiya ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin jihar ba sai 1919.

Cocin Baftis kuwa yana da dalilinsa na rubuta suna. A tsarin Baftis ba a yi wa jariri baftisma; sai mutum ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa a gaban ikilisiya, ikilisiya ta karɓe shi, a nutsar da shi cikin ruwa, sa'an nan magatakarda ya shigar da sunansa a littafi. Ikilisiya tana zaman shawara, galibi sau ɗaya a wata, inda ake karɓar sababbi, a ba masu ƙaura takardar sallama zuwa wani coci, a saurari ƙarar wanda aka kama da maye ko faɗa, a dakatar da shi ko a dawo da shi bayan ya tuba. Dukan waɗannan ana rubuta su da kwanan wata. Sau da yawa magatakarda yakan rubuta sunan bawa tare da na ubangidansa, kuma wannan ɗabi'a, wadda take da ɗaci ga mai karatu a yau, ita ce ke ba mai bincike mabuɗin da zai buɗe sauran takardu da shi, irin su wasiyya da lissafin dukiyar mamaci, inda ake jera bayi da sunayensu da kuɗinsu a gefen dawakai da kayan ɗaki. A ganina, babu abin da ya fi nuna halin wancan zamani kamar wannan: hukuma ta ƙirga mutum ba ta kira sunansa ba, coci kuwa ya kira sunansa amma bai ƙalubalanci wanda ya mallake shi ba.

Ta yaya bawa ya zama mai wa'azi a cocin da masu bayi suke shugabanci?

Penfield cibiyar Baftis ce a wancan lokaci, domin a nan aka kafa makarantar Mercer a 1833, wadda ta zama jami'a kafin ta koma Macon a 1871. Cocin ƙauye irin na Shiloh yana haɗa Turawa da bayi a rufi ɗaya, kowa da wurin zamansa, kuma akan ƙyale wasu bayi da aka yarda da su su yi gargaɗi ga 'yan'uwansu, su jagoranci addu'a, su yi jana'iza. Irin wannan matsayi Willis ya riƙe, ana tunawa da shi a matsayin mai wa'azin zamanin bauta. Ya yi aikin ne a jihar da tun 1829 ta haramta koya wa bawa karatu da rubutu, saboda haka mafi yawan masu wa'azi irinsa da ka suke riƙe nassi, abin da kunne ya ji ranar Lahadi shi baki zai maimaita. Shekara ɗaya kafin ya shiga Shiloh, a 1845, Baftis na Kudu suka taru a Augusta, cikin Jojiya, suka ɓalle daga na Arewa a kan batun ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865, baƙaƙe suka fice daga cocin Turawa ƙungiya ƙungiya suka kafa nasu, iyalin Willis ma suka bi sahu.

Gaskiya ne an haifi Adam Daniel Williams washegarin shelar 'yanta bayi?

Ranar 2 ga Janairu 1863 yake ɗauka a matsayin ranar haihuwarsa, kwana ɗaya bayan shelar Shugaba Abraham Lincoln ta fara aiki. Masu binciken da suka auna shekarunsa a takardun ƙidaya sun fi karkata ga cewa an haife shi kafin haka, wajen 1861. Waɗanda aka haifa cikin bauta da yawa sun zaɓar wa kansu ranar haihuwa, tun da babu wanda ya rubuta musu, kuma ranar da shi ya zaɓa ta nuna inda zuciyarsa take.

Yaya ya bar ƙauye har ya zama faston Ebenezer?

Bayan rasuwar Willis a 1874, Creecy da 'ya'yanta suka koma Scull Shoals a bakin kogin Oconee, suna noma a gonar wasu. Ana ba da labarin cewa tun yana yaro Adam yakan tara yaran unguwa ya yi wa matacciyar kyanwa ko kare wa'azin jana'iza, kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi wa mutane. Karatun makaranta kaɗan ya samu, ya yi aiki a injin yanka katako, inda ya rasa mafi yawan babban yatsansa. An yi masa baftisma a 1884, aka ba shi izinin wa'azi a 1888, amma ikilisiyoyin ƙauye ba su da abin ciyar da fasto, domin su kansu membobin bashi ya yi musu katutu. A Janairun 1893 ya tattara ya nufi Atlanta.

A watan Maris na 1894 aka kira shi ya riƙe Cocin Baftis na Ebenezer, wanda Fasto John Parker, shi ma haifaffen zamanin bauta, ya kafa a 1886. Membobi goma sha uku ya tarar, babu ginin kansu. Ya koma aji yana babba a Kwalejin Baftis ta Atlanta, wadda daga baya ta zama Morehouse, ya karɓi takardar shaidar aikin fasto a 1898, ya auri Jennie Celeste Parks a 1899, kuma zuwa 1903 ikilisiyar ta kai mutum ɗari huɗu. A 1909 ya sayi gida mai lamba 501 a titin Auburn, gidan da aka haifi jikansa Martin a cikinsa shekara ashirin bayan haka, aka kuma kammala ginin cocin a kan wannan titi a 1922. Bai tsaya ga mumbari kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa reshen Atlanta na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, a 1917, ya shugabance shi, ya kuma jagoranci yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe, inda suka yi ta kayar da shirin birnin na ciyo bashin gine-gine har sai da aka yarda a gina wa 'ya'yansu makarantar sakandare. Wannan makaranta, Booker T. Washington, an buɗe ta a 1924, kuma a cikinta jikansa ya yi karatu. Ya rasu ranar 21 ga Maris 1931.

Me aka sani game da dangin King na Stockbridge?

James Albert King, wanda aka haifa wajen 1864, ya auri Delia Linsey a Stockbridge a 1895, suka haifi 'ya'ya goma. Mahaifin Delia, Jim Long, tsohon bawa ne da sunansa ya bayyana cikin waɗanda suka yi rajistar zaɓe a gundumar Henry a 'yan shekarun da baƙaƙe suka samu wannan dama bayan yaƙi. Babban ɗan James da Delia namiji shi ne Michael, wanda duniya ta sani daga baya da Martin Luther King babba. An haife shi ranar 19 ga Disamba, amma takardu sun saɓa a kan shekarar, wasu 1897, wasu 1899.

Sana'arsu ita ce noman raba amfani, wanda ya maye gurbin bauta a yawancin Kudu. Mai gona yana ba da fili da alfadari da iri da taki, yana kuma ba da gari da nama da tufafi bashi daga kantinsa har kaka ta yi. Idan an tsinci auduga aka kai injin gurza, sai a zauna lissafi, kuma littafin lissafin yana hannun mai gona, manomi kuwa sau da yawa bai iya karatu ba. Michael ya ba da labarin ranar da ya raka mahaifinsa wurin wannan lissafi yana yaro ɗan makaranta. Bayan mai gona ya gama haɗa alƙalumansa ya ce James ya fita ba bashi ba riba, sai yaron ya ɗaga murya ya tuna wa mahaifinsa kuɗin angurya, wanda ba a sa a lissafi ba. Mai gona ya fusata, ya yi barazana, kuma maganar da yaron ya yi, duk da gaskiya ce, ta jawo wa iyalin kora daga gonar. James mutum ne da wahala ta tura shi ga shan giya, har ya zama yana dukan matarsa, kuma Michael bai ɓoye wannan ba da ya girma. Delia ce take ɗaukar yara zuwa Cocin Baftis na Floyd Chapel, inda Michael ya fara wa'azi tun yana saurayi. Ta rasu a 1924, James kuma a 1933.

Ta yaya gidajen biyu suka haɗu?

Michael ya koma Atlanta wajen 1918 da ɗan karatun ƙauye. 'Yar'uwarsa Woodie Clara tana haya a gidan Fasto Williams, ta nan ya ga Alberta, 'yar faston, wadda ita kaɗai ta rayu har ta girma cikin 'ya'yansa, kuma ta yi karatu a makarantun Spelman da Hampton. Tazarar da ke tsakanin ɗan manomin haya da 'yar babban fasto mai faɗi ce, shi ya sa ya koma makaranta ya zauna aji ɗaya da yara ƙanana, ya gama, ya shiga Morehouse a 1926. A shekarar aka ɗaura musu aure ranar 25 ga Nuwamba, suka tare a gidan surukai. An haifi Christine a 1927, Michael ƙarami, wato Dokta King, ranar 15 ga Janairu 1929, sai Alfred Daniel a 1930, shekarar da mahaifinsu ya karɓi digirinsa.

Shin gadon mumbari ake yi a cocin Baftis?

A ƙa'ida ba a yi. Kowace ikilisiyar Baftis tana cin gashin kanta, babu bishop da zai turo mata fasto, membobi ne suke zaɓe su kira wanda suke so, su kuma sallame shi idan sun ga dama. Da Fasto Williams ya rasu, akwai dattawan coci da suka fi son a nemo wanda ya fi surukinsa shekaru da gogewa, kuma goyon bayan da gwauruwar marigayin, Jennie, ta ba shi ya yi nauyi wajen zaɓensa. Ya riƙe cocin daga 1931, a tsakiyar matsin tattalin arziki, har zuwa 1975. Ke nan mutum biyu, suruki da surukinsa, suka riƙe Ebenezer shekara 81. An naɗa Martin fasto a cocin a 1948, ya tafi Cocin Dexter Avenue a Montgomery a 1954, ya dawo ya zama abokin aikin mahaifinsa a 1960 har aka kashe shi a Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968. Ƙaninsa Alfred Daniel ya maye gurbinsa, shi ma ya rasu a 1969. Da mahaifinsu ya yi murabus, ikilisiya ta kira Fasto Joseph Roberts, wanda ba ɗan gidan ba ne, kuma tun 2005 Raphael Warnock ke riƙe da ita, wanda ya zama sanata a 2021.

Daga ina sunan Martin Luther ya fito?

Michael aka san uba da ɗa da shi da farko. Uban ya ce mahaifinsa James, kafin ya rasu, ya nace cewa Martin Luther ya raɗa masa, sunayen 'yan'uwansa biyu. Masu tarihi kuma suna danganta sauyin da tafiyar da ya yi zuwa Jamus a 1934 domin taron Baftis na duniya a Balin, ƙasar da Martin Luther ya ta da gyaran ikilisiya. Sai a 1957 aka gyara takardar haihuwar ɗan. Mai neman gidan a ƙidayar 1930 da sunan Martin zai sha wuya.

Ina matsayin matan gidan a wannan salsala?

Su ne igiyar da ta ɗaure ta, ko da yake rubutu bai ba su haƙƙinsu ba. Daniel, sunan da Creecy ta shiga coci da shi a 1855, ya zama sunan tsakiya na ɗanta, sa'an nan ya sake fitowa a sunan tattaɓa-kunnenta Alfred Daniel Williams King bayan shekara 75. Jennie ta shugabanci ƙungiyar mata ta Ebenezer, ta kuma yi renon jikokinta. Da ta rasu a 1941, Martin, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya diro daga tagar bene saboda baƙin ciki, domin ya saci jiki ya tafi kallon fareti a ranar. Alberta ta bar koyarwa saboda hukumar ilimi ba ta ɗaukar matan aure, ta kafa ƙungiyar mawaƙa, ta yi shekaru kusan arba'in tana kaɗa ogan, kayan kiɗan coci. A gaban wannan ogan wani ɗan bindiga ya harbe ta ranar Lahadi 30 ga Yuni 1974, ana tsakiyar sujada. Mijinta ya rayu har 11 ga Nuwamba 1984, bayan ya binne matarsa da 'ya'yansa maza biyu. Jikarsu Bernice, autar Dokta King, an naɗa ta mai hidimar bishara a 1990.

Akwai alaƙa tsakanin Baftis na Jojiya da na Najeriya?

Akwai. Thomas Jefferson Bowen, ɗan Jojiya, shi ne ɗan mishan na farko da Baftis na Kudu suka turo, ya iso ƙasar Yarabawa a 1850, shekara huɗu bayan Willis ya shiga Shiloh. Jami'ar Bowen da ke Iwo sunansa ta ci.

Wanda yake son bin salsalar irin wannan gida, daga ina zai fara?

Daga tsofaffin da suke raye, domin abin da ke bakinsu babu shi a kowace ma'ajiya, sa'an nan shafukan farko na Littafi Mai Tsarki na gida, inda iyaye mata suka saba rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Bayan haka sai ya bi ƙidaya da baya da baya, daga ta 1950, wadda aka buɗe wa jama'a a 2022 bisa dokar rufe takardun shekara 72, har zuwa ta 1870. Zai tarar da giɓi a 1890, domin gobarar da aka yi a Washington a 1921 ta lalata kusan dukan takardun wannan shekara, kuma giɓin shekara ashirin ya isa a haifi yaro ya bar gida ba tare da an taɓa ganinsa a ƙarƙashin sunan iyayensa ba. Takardun aure suna kotun gunduma. Ofishin kula da 'yantattun bayi, wanda ya yi aiki daga 1865 zuwa 1872, ya bar yarjejeniyoyin ƙwadago da rajistar aure, bankin ajiyarsu kuma, wanda ya durƙushe a 1874, yakan rubuta sunayen iyaye da 'yan'uwan mai ajiya. Kada ya ɗauka kowane bawa ya ɗauki sunan ubangidansa na ƙarshe kamar yadda Willis ya yi, domin da yawa sun zaɓi wani suna dabam. Idan ya kai 1870 hanya ta toshe, sai ya duba Turawan da suke maƙwabtaka da kakanninsa a shafin ƙidayar, ya nemi cocin da suke zuwa, ya tambayi inda aka ajiye tsohon littafin magatakarda.